Yadda Ake Sharhin Ƙagaggen Labari, Daga Karatun Farko Zuwa Yanke Hukunci

Yawancin abin da muke kira sharhin littafi bai wuce ɗayan abu biyu ba. Ko dai a kwashe labarin kaf a zube shi a taƙaice, tun daga haɗuwar saurayi da budurwa har daren da aka kai amarya, ko kuma a jero yabo da addu'a: littafi ya yi ma'ana, ya faɗakar, ya nishaɗantar, Allah ya ƙara basira. Addu'a ba ta da laifi. Sai dai wanda ke riƙe da kuɗinsa yana shawarar ya saya ko ya bari bai ƙaru da komai ba, shi ma marubucin bai san abin da zai gyara a littafi na gaba ba. Sharhi hukunci ne da ke tafe da shaidarsa. Ka faɗi abin da littafin ya ɗauko, ka faɗi ko ya kai shi inda ya nufa, sannan ka nuna shafin da ka ga hakan.

Karatu biyu ake yi

Karatun farko na makaranci ne. Ka riƙe fensir kawai, kuma alama biyu za ka riƙa yi a gefen shafi: ɗaya a inda labarin ya kama ka, ɗaya a inda ka fara tsallake layi ko ka ajiye littafin ka jawo waya. Kada ka tsaya neman dalili tukuna. Littafi mai shafi 150 zuwa 200 ka yi ƙoƙari ka gama shi a zama biyu ko uku, domin idan ka ja shi mako uku, gajiyar da za ka ji taka ce, kuma littafin za ka ɗora wa. Wannan karatun ba ya dawowa. Da zarar ka san ƙarshen labari, ba ka da sauran hanyar auna ko yana jan mutum, sai waɗannan alamomin da ka bari.

Ka ajiye shi kwana biyu ko uku. Kafin ka sake buɗewa, rubuta layi biyar da ka: me ya rage maka? Wane wuri ne har yanzu kake gani a idonka? Tauraron da ka nemi sunansa ka rasa, shi ma ka rubuta cewa ka rasa.

A karatu na biyu ne ake aiki. Ka samu littafin rubutu ka ware shafuka huɗu: na taurari, na lokaci, na harshe, da na tambayoyin da labarin ya buɗe. Duk abin da ka rubuta ka sa lambar shafi a gabansa nan take, don neman jimla ɗaya a cikin shafi 200 bayan ka rufe littafi aikin wahala ne, kuma a nan ne mutum ke fara kawo magana da ka yana cewa marubuci ne ya faɗa. Idan labarin na waya ne, irin wanda ake saki kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad, ka yi amfani da lambar babi ko lambar fitowar, ka kuma ɗauki hoton wurin, domin marubuci na iya gyarawa ko gogewa bayan ka yi magana.

A farkon littafin rubutun ka kwafe bayanan littafin da kake sharhi: suna, marubuci, maɗaba'a, shekara, yawan shafi, bugu na nawa, kashi nawa ne. Da yawa daga littattafan da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980 ba sa ɗauke da shekarar bugu. In haka ne ka rubuta cewa babu shekara, kada ka ƙiyasta.

Shafin lokaci

Wannan shafin ne ya fi kama kuskure, kuma shi ne masu sharhi suka fi tsallakewa. Ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. Duk inda labari ya ambaci shekarun wani, ko ya ce bayan wata uku, ko ya ambaci azumi, damina, Babbar Salla, ka sa a kan layin. In ka gama ka yi lissafi.

Ga irin abin da kan fito. An ɗaura aure bayan Ƙaramar Salla, amarya ta samu ciki a watan farko, aka ce ta haihu ana shirin layya. Tsakanin sallolin biyu wata biyu ne da 'yan kwanaki, to marubuci ya manta da abin da ya rubuta. Yarinya ta gama sakandare tana da shekara 17, ta karanta likitanci, ta yi bautar ƙasa, aka ce ranar aurenta shekarunta 21, alhali karatun likita kaɗai shekara shida ne a jami'o'in Nijeriya. Mace ta fita takaba cikin kwana arba'in, alhali wata huɗu da kwana goma ne ga wadda ba ta da ciki. Miji ya yi saki uku ya mayar da matarsa bayan sati biyu ba tare da wani a cikin labarin ya ɗaga gira ba. Wajen rabon gado an ba matar mamaci rabi, ga 'ya'ya, alhali tumuni ne rabonta.

Labarin da aka kafa a wani zamani da ya wuce yana da nasa tarkon. Naira ta fara aiki a 1973, kafin nan fam da sule ake kashewa. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Jihar Katsina an ƙirƙiro ta a 1987, Jigawa a 1991, Zamfara a 1996. Tauraron da ya zaro takardar naira dubu a 1995 ya zaro abin da ba a buga ba sai 2005. Haka nan labarin da ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram amma ana ta ciniki da naira ba a ko ambaci sefa da jikka ba, da alama marubucinsa bai taɓa tsayawa a kasuwar can ba.

Ba duk abin da ka kamo za ka zuba a sharhi ba. Ka zaɓi wanda ya taɓa ƙashin bayan labari. Kuskuren takaba a bakin wata maƙwabciya da ta wuce sau ɗaya ƙaramin abu ne. In kuwa auren da aka gina rabin littafin a kansa ya dogara da wannan takabar, to magana ta girma.

Jigo da ma'aunin da ya dace

A aji an saba raba nazari gida huɗu: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Rabon yana da amfani wajen tattara bayani, amma kada ya zama kanun sharhinka, in ba haka ba amsar jarrabawa za ka rubuta. Cewa jigon littafi kishi ne ko soyayya ya isa a ci maki, bai isa sharhi ba, domin ɗaruruwan littattafai suna ƙarƙashin wannan inuwar. Tambayar ita ce, me wannan littafin ke cewa game da kishi? Ka amsa da cikakkiyar jimla ɗaya, misali: rashin adalcin miji ne ke hura wutar da ke cinye gida, ba halin matan ba. In ka kasa haɗa jimlar bayan karatu biyu, mai yiwuwa littafin ne bai tsayar da magana ba, kuma wannan ma abin faɗa ne.

Daga nan ka gwada jimlar da abin da ya faru a labarin, ba da abin da marubuci ya ce a gabatarwa ba. Sau da yawa gabatarwa kan ce an rubuta littafin don yaƙi da auren dole, sai ka tarar yarinyar da aka tilasta ta ƙare cikin daula, mijin da ta ƙi ya zama na nuna wa sa'a, iyayen suka fito da gaskiya. Labarin ya goyi bayan abin da gabatarwa ta ce tana yaƙa. Wa'azin shafin ƙarshe ba ya goge abin da shafi 180 suka nuna.

Kowane littafi da mudun da ake auna shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a 1933, labarin yawon duniya ne da abubuwan al'ajabi, ba wanda zai tuhume shi don abin da ke ciki ba ya faruwa a zahiri. Amma littafin da ya ce a Kano ta yau yake, ya ambaci unguwa da asibiti da kotu, ya ɗauki alkawarin bin yadda rayuwa take, kuma da wannan alkawarin za a kama shi. Kada ka nemi zurfin littafin tarihi a labarin barkwanci, kada kuma ka yi sharhin littafin da kai ka so a ce an rubuta.

Zubi

Koma kan shafin tambayoyi. Duk ƙullin da labari ya ƙulla, ka duba ko ya kwance shi, da kuma abin da ya kwance shi da shi. Ka ƙirga katsaham nawa ne: haɗarin mota a daidai lokacin da ake buƙatar kawar da wani, mantuwar da ke kama tauraro ta sake shi ranar da marubuci ya ga dama, almajirin da ya tashi ɗan attajiri da aka sace yana jariri, asirin da ya karye don labari ya zo ƙarshe. Katsaham da ya jefa mutane cikin rikici makaranci na yafe shi, don rayuwa ma tana yin haka. Wanda ya fitar da su daga rikici shi ne rauni, domin ya nuna marubuci ya ƙulla abin da ya fi ƙarfinsa.

Ga babin da kake zargi, gwaji mai sauƙi ne: tsallake shi, ka karanta na gabansa da na bayansa a jere. In ba ka rasa komai ba, cikon shafi ne. Yana da kyau ka san daga ina cikon ke zuwa. Littafin da ake sayarwa kashi uku ko huɗu, ko wanda ake saki kullum ga masu biyan kuɗi, tsarin kasuwarsa ne ke tura marubuci ya ja labari. Shi ya sa ake samun shafi uku na lissafin akwatunan lefe da kalar leshi da jerin abincin walima. Amma a yi adalci: in lissafin lefen ya nuna mana ƙaryar arzikin dangin ango, ko ya zama shi ne abin da za a yi gori da shi a babi na goma, to yana aiki, ba ciko ba ne.

Taurari da bakinsu

Nemi shafin da hira ta yi yawa, ka rufe sunayen masu magana da yatsa. Kana iya gane wa ke magana? In kakar da ta zo daga ƙauye da jikarta 'yar jami'a da direban gidan duk bakinsu ɗaya, to marubuci ne kaɗai ke magana a littafin. Ka lura da yadda ake kiran juna, don a nan kunnen marubuci ke bayyana. Uwar da ke kiran ɗanta na fari da sunansa gatsau, ko amaryar da ke ambatar sunan surukinta a gabansa, ko dai an yi haka da gangan don a nuna wane irin gida ne, ko kuwa alkunya ta kuɓuce wa mai rubutu. Sauran labarin ne zai gaya maka wanne ne.

Ga kowane babban tauraro ka amsa abu biyu: me yake so, kuma me ya rasa wajen nemansa? Kishiyar da ke mugunta tun shafi na 5 har na ƙarshe ba tare da an nuna abin da take tsoro ko take karewa ba, ba mutum ba ce, dodo ce aka kafa don a tausaya wa tauraruwa.

Salo

Kada ka ce salo mai armashi ka wuce. Ɗauko jimla ka ajiye a gaban makaranci. Dubi waɗannan biyun, duka a kan matar da ɗanta ya rasu:

"Ta shiga matsanancin baƙin ciki, zuciyarta ta yi ƙunci, wasu zafafan hawaye suka shiga zarya a kumatunta."

"Ta gama tuƙin tuwo ta kwashe malmala biyar kamar kullum. Sai da ta zo rufe kwano na biyar ta tsaya, murfin a hannunta."

Ta farko ta gaya mana sunan abin da matar ke ji, da kalmomin da za su shiga kowane littafi. Ta biyu ba ta ambaci baƙin ciki ba, ta bar mu mun gano shi a kwanon. Aikin mai sharhi ke nan: ya nuna bambancin, ya faɗi wanne ya fi yawa a littafin.

Ka duba kuma daga bakin wa labarin ke fitowa. In tauraruwa ce ke cewa "na tashi, na tafi", ba ta da ikon kawo mana hirar da aka yi a ɗakin da ba ta ciki, sai in an nuna wanda ya ba ta labari. Ingausa a bakin ɗalibin jami'a daidai ne, haka suke magana. A bakin mai ba da labari kuwa, inda ga kalmar Hausa a kusa, kasala ce. Karin harshe ma haka: Basakkwacen da ya ce "wanga" da "shina" a cikin hira ado ne, matuƙar bai koma Kananci a babi na gaba ba tare da dalili ba.

Ƙa'idojin rubutu

Ba a bin littafi duka ana farautar kuskure. Ɗauki shafi uku, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, ka ƙirga, ka faɗi abin da ka samu a jimla biyu. Waɗanda suka fi yawa sanannu ne: haɗe abin da ake rabawa, kamar "yace" da "shine" da "zata" a maimakon "ya ce", "shi ne", "za ta", rikita "a kan" ta wuri da "akan" ta sabo, sakin lanƙwasa har "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya koma "baki", "ɓata" ta koma "bata", da ɓatar da jinsi, irin "motan shi" a inda ake nufin "motarsa". Kafin ka ce kalma ba Hausa ba ce, duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ko na Bargery na 1934, don sau da yawa kalmar wani yanki ce da ba ka sani ba. Littafin da aka buga a Nijar ya rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, wannan tsarinsu ne, ba kuskure ba.

Zargin sata

Nan ne sharhi ke zama rigima, don haka a taka a hankali. Aro daɗaɗɗen abu ne a adabinmu. Magana Jari Ce ta ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da wasunsu, aka sa musu rigar Hausa har suka zama 'yan gida. Kamannin labari da wani fim ɗin Indiya ko wani littafi bai isa a kira shi sata ba. In za ka yi zargin, ka jera wuraren biyu gefe da gefe, da shafi da shafi, aƙalla wuri uku da jerin aukuwa ko jimlolin suka zo ɗaya, ka kuma tabbatar wanne ya riga fita. In ba ka da wannan, iyakarka ka ce labarin ya bi hanyar da aka saba.

Zaman rubutu

Sharhin jarida ko na intanet kalma 600 zuwa 900 ya wadatar. Taƙaita labari kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ka tsaya a inda rikici ya kankama. Wanda ya mutu, wanda ya auri wa, asirin da ya tonu a ƙarshe, duk ba naka ba ne ka faɗa. In dole sai ka taɓa ƙarshen don hukuncinka ya tsaya, ka yi gargaɗi a sama.

Daga duk abin da ka tara, zaɓi magana biyu ko uku kawai, waɗanda suka fi nauyi. Kowace ka kawo mata shaida, layi biyu ko uku daga littafin da lambar shafi. Yabo ma yana buƙatar shaida kamar suka. Kwatanta waɗannan:

"Marubuciyar ta yi ƙoƙari sosai, sai dai labarin ya ɗan yi tsawo."

"Daga shafi na 60 zuwa na 95 ba abin da ya sauya a gidan: an yi faɗa sau huɗu a kan rabon kwana, kowanne ya ƙare da yaji da biko. Na farkon, inda uwargida ta ƙi karɓar cefane ta bar shi a tsakar gida har kaji suka tona, ya isa ya nuna komai."

Ta biyun ta fi zafi, amma ita ce marubuciya za ta iya aiki da ita, kuma a ciki har an yaba mata wurin da ta gwanance.

Ka rufe da hukunci a fili, da wanda littafin zai yi wa daɗi: mai son labarin gidan aure da hira mai rai zai samu, mai neman labari mai gudu zai gaji a tsakiya. Kalmomin kwana-kwana irin "ba laifi" da "a gaskiya an yi ƙoƙari" ka share su a karatun gyara.

Kai da marubucin

Duniyar marubutan Hausa ƙarama ce, yau ka yi sharhin mutum, gobe ku haɗu a taron ƙungiya. In abokinka ne, ko kyauta ya aiko maka da littafin, ka faɗa a layi ɗaya. In biyanka aka yi, abin da ka rubuta talla ne, a kira shi da sunansa. Littafi ake wa sharhi: auren marubuciya, garinsu, aƙidarta, ba su shiga. Zargin ɓata tarbiyya kuwa ya fi kowanne nauyi, domin a Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, kuma magana irin wannan tana iya wuce shafin jarida. Kafin ka furta, ka bambance littafin da ya nuna ɓarna da wanda ya ƙawata ta, ka kuma kawo shafin.

In littafin mai kashi-kashi ne kuma na ɗaya kaɗai ka samu, ka faɗi haka tun a sama, ka yi magana a kan harshe da taurari da yadda aka ƙulla rikici, ka bar hukuncin jigo sai ka ga na ƙarshe. In marubuci ya yi martani, ka duba ko a kan me. Ya ce ka yi kuskuren suna ko shafi ko ka juya abin da ya faru, ka koma littafin, in ya yi gaskiya ka gyara a inda ka wallafa, ka rubuta cewa ka gyara. Ya ce ba ka fahimci manufarsa ba, ka sake nuna masa shafukan da ka dogara da su sau ɗaya, ka bar masu karatu su buɗe littafin su duba.